Turancin Jarrabawa: Abin da Za Ku Yi da Wanda Ba Za Ku Yi Ba, 'Yan Batsari da Safana

Da ku nake, 'yan aji biyar da aji shida na sakandare, tun daga Batsari da Ruma da Wagini har Safana da Runka da Zakka. Na san irin shekarun da kuka taso a cikinsu. Kuna ƙarshen firamare ko farkon sakandare korona ta rufe makarantu a 2020. Ba a gama farfaɗowa ba, a daren 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sake garƙame ajujuwa a jihar. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumominmu. Wasunku sun yi zangon karatu sukutum a gidan dangi a Katsina ko Dutsin-Ma, wasu kuma sun kwana a cikin ajin da ya kamata su yi karatu, saboda ya zama masaukin waɗanda aka koro daga ƙauyukansu. Duk wannan na sani, kuma yana ci mini rai. Sai dai mai duba takardarku ba ya hango Dajin Rugu daga inda yake zaune. Rubutunku ne a gabansa, jan biro a hannunsa, kuma ba a ba shi ikon ƙara ko rabin maki don tausayi ba. Shi ya sa ba lallashi na zo yi ba.

Ku fara da sanin fasalin jarrabawar. Abin kunya ne ɗalibi ya kai aji shida bai san takarda nawa zai rubuta ba. A WAEC, Turanci takarda uku ne. Ta farko tambayoyi 80 ne na zaɓen amsa, a kan kalmomi da ginin jimla, cikin awa ɗaya, maki 40. Ta biyu awa biyu ce, kuma ita ce uwa: insha'i maki 50, auna fahimta maki 20, taƙaitawa maki 30. Ta uku ta furuci ce, tambayoyi 60 cikin minti 45, maki 30. Ku yi lissafin da kanku. Cikin maki 170, guda 100 suna inda hannunka ne zai rubuta, babu A, B, C, D da za a yi canki-canka. Tsarin NECO ma bai yi nisa da wannan ba. Abin da ake nema shi ne C6 zuwa sama. D7 da E8 ba sa buɗe ƙofar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ba sa buɗe ta Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko da kuwa ka ci A1 a lissafi da kimiyya.

Kada ku raina ƙananan kurakurai. A nan ne yaranmu suka fi zubar da maki, kuma a nan ne gyara ya fi sauƙi. Makin insha'i 50 an kasa shi huɗu: 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu. A wannan goman na ƙarshe, kowane kuskure na nahawu ko na harafi ko na alamar rubutu rabin maki yake ci. Kuskure 20, goma ta tafi.

Na taɓa zaunar da wani yaro a gindin bedi bayan an tashi, littafinsa a kan cinyata. Yaro ne mai kai, kuma labarin da ya rubuta a kan ranar da suka bar ƙauyensu yana da rai, ni kaina sai da na tsaya na nisa. Na ce masa ni zan riƙa zagaye kuskure, shi kuma ya riƙa ƙirgawa da bakinsa. Kafin mu fita daga sakin layi na biyu ya kai ashirin. Babu kalma mai wuya ko ɗaya a ciki. Sunan garinsu ya fara shi da ƙaramin harafi. *I* ta "ni" ya rubuta ta ƙarama sau biyar. Jimla uku a jere babu aya. Ya sa *there* a gurbin *their*, ya rubuta *am* tsirara babu *I* a gabanta, ya juya wasulan *receive*. Ya yi shiru yana kallon jan da ya cika shafin, can ya ce, "Malam, ashe duk waɗannan na san su." Na ce masa, to ai shi ne abin takaicin. Daga yau duk abin da kuka rubuta, ku ba aboki ya zagaye muku, ku ƙirga, ku rubuta adadin a saman shafi. Mako mai zuwa dole adadin ya ragu. In bai ragu ba, wasa kuke yi.

Ku karanta Turanci kullum, ko da shafi biyu ne. Kullum na ce, har ranar Juma'a, har ranar kasuwa. Kada wanda ya ce mini babu littafi. Akwai littafin Turancin aji, wanda yawancinku ba ku taɓa karanta labaran cikinsa don kanku ba sai in malami ya tilasta. Akwai tsohuwar *Daily Trust* da wani ma'aikaci ya gama da ita. Akwai littafin bayoloji da na gwamnati, su ma ai da Turanci aka rubuta su. In kuka samu littafin labari, ku fara da mai sauƙi wanda duniyarsa ta yi kama da taku: *The Passport of Mallam Ilia* da *Burning Grass* na Cyprian Ekwensi, *The Undesirable Element* na Mohammed Sule, *The Stillborn* na Zaynab Alkali. Littafi ɗaya ya isa mutum goma in akwai amana, kowa kwana uku ya miƙa wa na gaba. Wanda ya yaga shafi ko ya ɓoye littafin a ƙarƙashin katifa ya ci haƙƙin tara.

Kada ku yi karatun dare a wajen gida. Kada a je lesin bayan magariba, kada a taka hanya daga ƙauye zuwa ƙauye don neman aron littafi da duhu. Kun fi ni sanin dalili. Lokacinku shi ne bayan sallar asuba kafin hayaniya ta tashi, da tsakanin la'asar da faɗuwar rana. Awa guda ta asuba da kwanciyar hankali ta fi awa uku ta dare da kunne a waje.

Kada ku haddace jerin kalmomi kamar lissafin kaya. Kalmar da ba ta da jimla marainiya ce, ba ta kwana biyu a kai. Ku ware littafi guda mai shafi arba'in, na kalmomi kaɗai. Kullum kalma biyar daga abin da kuka karanta a ranar, ba daga sama ba. Ku kwafi jimlar da kuka tsince ta a ciki, ku rubuta ma'anarta, sannan ku ƙirƙiro taku jimlar a kan abin da ke gabanku: gonar rogo, rijiyar unguwa, motar Katsina. Daga nan ku nemo danginta. In kun kama *decide*, kada ku sake ta sai ta kawo muku *decision* da *decisive* da *undecided*. Ku lura da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya: *un-* da *dis-* da *mis-* sukan juya ma'ana, *-ness* da *-ment* da *-tion* sukan mai da kalma suna. Wanda ya gane wannan, ko bai taɓa ganin kalma ba zai iya lalubo inda ta dosa. Ku sani kuma takarda ta farko tana son kalmomin sana'a da fannoni: na kotu, na asibiti, na banki, na noma, na gini, na sufuri. Duk mako ku ɗauki fanni ɗaya. Wanda yake da yaya ma'aikaciyar jinya ko kawu makaniki, ya je ya tambaye su sunayen kayan aikinsu.

Ku mallaki ƙamus, kuma ku iya amfani da shi. *Oxford Advanced Learner's Dictionary* an yi shi ne musamman don wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, shi ya sa yake ba da misalin jimla, ya nuna furuci, ya gaya maka ko suna yana karɓar jam'i. In ya fi ƙarfin gida ɗaya, gida uku su haɗa. Amma kada ku tsaya buɗe shi a kowace kalma kuna cikin karatu. Ku fara cinkar ma'anar daga abin da ke gaba da bayanta, ku gama shafin, sannan ku duba. Ranar jarrabawa babu ƙamus, cinkar nan ce za ta cece ku.

Kada ku ɗauko Hausa ku sa mata rigar Turanci. Kowane harshe da tafiyarsa. Mu kalma ɗaya, "ji", ta ishe mu: ina jin ƙara, ina jin sanyi, ina jin wari, ina jin Turanci. Bature ya raba su huɗu, *hear*, *feel*, *smell*, *understand*, kuma ba ya yarda a musanya. Mu shan magani muke yi, shi *take* yake cewa, ba *drink* ba. "Ara" tamu tana tafiya ta kowane ɓangare, shi kuwa mai bayarwa *lend* yake yi, mai karɓa *borrow*. Mu mota mace ce, tebur namiji, shi duk *it* ne. Muna cewa shawarwari da bayanai da kayayyaki, amma *advice* da *information* da *equipment* da *furniture* da *luggage* ba sa karɓar *s*, kuma kusan kowace shekara sai an ɗana wannan tarko a takarda ta farko.

Wanda ya fi duka kama yaranmu shi ne lokaci. Ka ce "yanzu ina karatu", ka ce "jiya da ya shigo ina karatu". "Ina" ɗin nan ba ta canza ba, kalmar "jiya" ce ta ɗauki nauyin. A Turanci aikatau ne da kansa yake canza kama: *am reading* a ta farko, *was reading* a ta biyu. Haka "ya ce zai zo": mu mun bar "zai" yadda take, shi kuwa tunda *said* ta shuɗe, dole *will* ta koma *would*. Duk wanda ya fara labari da shuɗaɗɗen lokaci, ya riƙe shi har ƙarshe. Na sha ganin insha'in da ya fara da *went*, layi uku a gaba ya koma *go*, daga nan jan biro ba ya hutawa.

Amma kada ku raina Hausar taku. Wanda ya ce muku sai kun ƙyamaci harshenku za ku iya na wani, bai san abin da yake faɗa ba. Hausa tsani ce in kun iya takawa. Kuna kuka da *a* da *the*? Ku dubi bambancin "na ga yaro" da "na ga yaron". Na farko wani yaro ne da ba mu sani ba, na biyu wanda muka riga muka yi maganarsa. Kusan aikin da *a* da *the* suke yi ke nan. Wanda ya san suna da aikatau da sifa da wakilin suna a ajin Hausa, ya riga ya ci rabin hanya a ajin Turanci.

Ku haddace abin da haddarsa ta zama dole. Aikatau marasa bin ƙa'ida, irin su *go, went, gone* da *write, wrote, written* da *lie, lay, lain*, babu wata dabara sai hadda. Ku da kuka saba da allo da tilawa bai kamata wannan ya gagare ku ba: biyar yau, gobe a maimaita na jiya kafin a ƙara. Haka 'yan ƙananan kalmomin da ke manne da wasu: *interested in*, *good at*, *afraid of*, *prefer* wannan *to* wancan, *congratulate* mutum *on* abu. *Discuss* kuwa ba ta son *about* a bayanta. Sannan dacewar suna da aikatau: in mai aikin tilo ne, ba ni ba, ba kai ba, aikatau na yanzu yana ɗaukar *s*. In jimla ta yi tsawo, ku sa yatsa a kan ainihin mai aikin, kada sunan da ke kusa da aikatau ya ruɗe ku.

A auna fahimta, kada ku amsa abin da ba a tambaye ku ba. Ku karanta labarin sau ɗaya da sauri, ku karanta tambayoyin, ku koma labarin a hankali da fensir. Amsar tana cikin abin da marubucin ya ce, ba cikin abin da kuka sani daga gida ba. Ko ya faɗi abin da ba ku yarda da shi ba, ra'ayinsa aka tambaya, ba naku ba. In aka ce ku kawo kalmar da za ta maye gurbin wata, ku ba da ɗaya tak, ku kuma gwada ta a cikin jimlar. In ta asalin shuɗaɗɗiya ce, taku ma ta zama shuɗaɗɗiya, in jam'i ce, jam'i. Masu jera kalma uku wai ko ɗaya ta dace, kansu suke cuta, domin gurɓatacciya ɗaya tana ɓata sauran. Tambayar sunan nahawu da aikinsa kuwa kyauta ce ga wanda ya shirya: ka bambance ganga da yankin jimla, ka faɗi irinta, ka nuna kalmar da take yi wa aiki. Kwana bakwai na atisaye sun isa a kama ta, amma ana ta barin makinta a ƙasa.

A taƙaitawa, kada ku kwafa. Maki 30 ne, kuma ita ce ta fi kayar da mutane. In aka ce jimla shida, to shida, kowacce cikakkiya mai mai-aiki da aikatau, kowacce da batu ɗaya. A zubar da misalai, a zubar da kwalliya, a bar ƙashin maganar. Wanda ya ɗebo layin marubuci ɗungurungum ya dasa, ya yi aikin banza. Ga atisayen da nake so ku riƙa yi: ku karanta sakin layi, ku rufe littafin, ku faɗa wa ƙanenku abin da ya ƙunsa da Hausa cikin numfashi ɗaya. In ya gane, kun fahimta. Sai ku faɗi wannan da Turancinku mai sauƙi. Tankaɗe ne, gari ake so, dusa a bar wa awaki.

Kada ku haddace insha'i. Na ga yarinyar da ta haddace shafi biyu a kan illar shaye-shaye, da manyan kalmomin da ita kanta ba ta san ma'anarsu ba. A jarrabawar gwaji aka ce ta rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa a kan matsalar ruwan sha, sai ta juye haddarta a kai. Abin da ta rubuta ba shi aka tambaya ba, makin ya tafi. Alhali ita ce take tashi da sassafe ta bi layin famfo da jarka biyu, ta fi kowa sanin abin da za a faɗa. Tambaya biyar ake bayarwa a zaɓi ɗaya, kalmomi kamar 450. Ku zaɓi wadda kuka san cikinta. Ku ɗauki minti biyar ku jera batutuwa uku ko huɗu a gefe kafin ku fara, kowane batu da sakin layinsa. Ku san sigar kowane iri: wasiƙar hukuma adireshi biyu ce da kanu, a rufe da *Yours faithfully*, a sa hannu, a rubuta cikakken suna. Ta aboki ko ɗan'uwa adireshi ɗaya ce, a rufe da sunan yanka kaɗai. Jawabi da muhawara da maƙalar jarida kowanne da yadda ake buɗe shi. Gajeriyar jimla mai lafiya ta fi doguwa mai ɗingishi. Kuma duk mako ku rubuta insha'i ɗaya cikakke, da agogo, minti hamsin.

Kada ku kawo rubutun waya cikin takarda. *U* da *ur* da *pls* da *bcos* kowannensu rabin maki ne ya faɗi. Hannu abin da ya saba yake yi, don haka ku daina su tun yanzu, har a WhatsApp. Wanda yake da waya kuma ya yi wa kansa hisabi: awa nawa TikTok ta ci jiya, shafi nawa ya karanta.

Ku buɗe baki ku furta. Takardar furuci a rubuce ake amsa ta, amma kunne ne yake cin ta. Mun san inda harshenmu yake tuntuɓe: *p* da *f*, har *pan* da *fan* su zama ɗaya, *v* da *b*, har *vote* ta koma *boat*, *th* da muke mayarwa *s* ko *z*, *think* ta zama *sink*. Ba ma son baƙi biyu a jere, shi ya sa muka cusa wasali muka sami burodi da direba. A Hausa daidai ne, a takarda ta uku kuskure ne. Ku tattara kalmomi masu harafin da ba a furtawa, irin su *debt*, *comb*, *listen*, *sword*, *honest*. Muna da abin da ya fi na wasu kuma: kunnen da ya raba garin da ake zama da garin da ake tuƙawa ba zai kasa jin bambancin *ship* da *sheep* ko *full* da *fool* ba. Ku saurari labaran Turanci na Rediyon Najeriya, ku riƙa maimaitawa a bayan mai karantawa, ku kula da gaɓar da yake dannawa.

Kada kunya ta hana ku. Na san da zarar yaro ya yi Turanci a majalisa za a ce ga Bature ya iso. A bar su su faɗa. A nan jihar, a Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, aka horar da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda har gobe ake misali da yadda yake furta Turanci, aka kuma horar da Abubakar Imam, wanda iya Turancinsa bai rage masa komai a Hausa ba. 'Ya'yan ƙasar nan ne, ba su da waya, ba su da intanet. An matsa musu ne, su ma suka matsa wa kansu. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, maza daban mata daban in haka ya fi wa iyaye kwanciyar hankali, ku yanke rabin awa da ba a magana sai da Turanci. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa dariya a sallame shi daga zaman.

Ku yi tsofaffin tambayoyi, amma kada ku bauta musu. A rufe shafin amsa, a ajiye agogo, a yi 80 cikin awa guda. Bayan an duba, duk wadda aka faɗi a nemi dalili. Sanin cewa amsar C ce ba ilimi ba ne, sanin abin da ya hana ta zama B shi ne ilimi. Ku sani kuma littattafan da ake sayarwa a kasuwa sukan yi kuskure a amsoshinsu. In ƙamus da littafin suka saɓa, ku kai wa malami.

Kada ku dogara da satar amsa. Ba na sassauta murya a nan. Masu karɓar kuɗinku su ce za su turo amsa ta waya da daddare, da masu kai ku cibiyar da ake rubuta amsa a allo, ba masoyanku ba ne. A 2025 WAEC ta fara jujjuya jerin tambayoyin zaɓen amsa a Turanci da lissafi da bayoloji da tattalin arziki, ta yadda lamba goma a takardarka ba ita ce lamba goma a ta maƙwabcinka ba. Mai leƙe ya kwafi guba. A shekarar ce kuma, ranar 28 ga Mayu, ƙoƙarin toshe fitar tambayoyi ya jawo jinkirin da ya sa ɗalibai a wurare da dama suka rubuta Turanci cikin dare da tocila. Ku dubi wanda ya sha wahalar: yaron da bai saci komai ba. A yanki irin namu, inda dare ba abin wasa ba ne, wannan ba ƙaramin zalunci ba ne ɓarayin tambaya suka jawo. Ko an tsira daga kamu da riƙe sakamako, kiredit ɗin sata ba ya karanta maka littafi a jami'a. Hukuncin ha'inci kuwa malamanku na Islamiyya sun riga sun karantar da ku.

Kada ku manta da JAMB. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci, kuma a kwamfuta. Akwai littafin labari da ake ɗorawa: an yi shekaru ana *The Life Changer* na Khadija Abubakar Jalli, a 2025 aka koma *The Lekki Headmaster* na Kabir Alabi Garba. Ku tabbatar da na shekararku, ku karanta shi kansa, ba taƙaitawar da wani ya yi ba. Wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba ya nemi hanyar taɓa ta tun kafin ranar, ko sau biyu ne. Kada ranar jarrabawa ta zama ranar gaisuwarku ta farko.

Iyaye, ku ma da naku. WAEC tana faɗowa a bakin damina, NECO kuma tsakiyar noma. Na san hannu ɗaya a gona ba ƙaramin abu ba ne, balle a shekarun da gonar nesa ta gagara. Duk da haka ku sakar wa yaro safiyarsa a waɗannan makonni. Ku sauke wa yarinya tallar yamma da wankin gida na wata biyu, kada kuma a sa ranar biki a tsakiyar jarrabawarta. Ko ba ku jin Turanci, ku ce a kawo littafin insha'i ku gani. Jan biro ba ya buƙatar tafinta. Kada kuma ku ba da kuɗin "taimako" a cibiya. Uban da ya biya kuɗin sata ya koya wa ɗansa darasin da malami ba zai iya gogewa ba.

'Yan'uwana malamai, kada mu cika allo da ma'anar suna da aikatau mu ce mun koyar da Turanci. Yaron da bai rubuta ba, ba a kuma duba masa ba, bai koyi komai ba. In aji ya yi yawa, a duba na kashi ɗaya wannan mako, na wani kashin mako mai zuwa, sauran su yi musaya a tsakaninsu.

Ranar jarrabawa, ku karya kumallo, ku riƙe biro biyu da fensir da abin gogewa da ruwa, ku isa da wuri. Ku gaya wa na gida inda kuke da wanda za ku dawo tare da shi in an yi jinkiri. A takarda ta biyu ku raba lokaci tun kafin ku fara: kamar minti 50 ga insha'i, 30 ga auna fahimta, 40 ga taƙaitawa, kuma kada daɗin insha'i ya cinye rabon taƙaitawa. Kada ku bar tambayar zaɓen amsa ko ɗaya babu amsa. Ku tsakuro minti biyar daga kowane sashe don bita, kada ku miƙe don kun ga wani ya miƙe. A bitar insha'i ku fara daga jimlar ƙarshe ku yo sama, ɗaya bayan ɗaya, bakin biro a kan kowane aikatau: lokacinsa daidai ne, ya dace da mai aikinsa, akwai babban harafi a farko, akwai aya a ƙarshe. Sannan ku sake duba sunanku da lambarku kafin ku miƙa takardar.